Sharhi: Kafin Jirgi Ya Dawo Kagoro, Me Za A Yi Da Filin Layin Dogo?

Kusan shekara 100 ke nan da layin dogo ya ratsa gindin duwatsun Kagoro, a Ƙaramar Hukumar Kaura ta Jihar Kaduna, ya haɗa Kafanchan da Jos. Shekaru da dama kuma ke nan rabon da mazauna yankin su ga jirgin fasinja yana kai da komo a kansa yadda aka saba a da.

Tashoshin Kagoro da Manchok sun yi tsit, ciyawa ta rufe dogo a wurare da yawa, masu satar ƙarafa kuma sun sa ido a kan abin da ya rage. Duk da haka layin bai mutu ba a hukumance. Yana cikin tsarin layin gabas, wanda ya taso daga Fatakwal ya dire a Maiduguri, wanda kuma Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da aikin gyaransa a watan Maris na 2021.

Tsakanin wannan alkawari da cikarsa akwai tazara ta shekaru, kuma a cikin tazarar ne ake asarar dukiyar da ta fi ƙarafan daraja, wato filin da dogon ke shimfiɗe a kai. Ƙasashe da dama sun ceci irin wannan fili ta hanyar buɗe shi ga masu tafiya a ƙafa da masu keke. Tambayar ita ce ko wannan dabara za ta yi wa kudancin Kaduna amfani, kuma ta wace siga.

Garin da dogo ya gina

Turawan mulkin mallaka sun shimfiɗa layin gabas ne saboda ma'adinai. Sashen farko, daga Fatakwal zuwa Enugu, an kammala shi a 1916 domin jigilar kwal. Daga nan aikin ya nausa arewa, kuma zuwa 1927 layin ya haɗe da na Legas zuwa Kano a Kaduna, aka kuma fitar da reshe daga Kafanchan zuwa Jos domin kwasar kuza. Gadar Makurɗi a kan Kogin Binuwai, wadda aka buɗe a 1932, ita ce ta cike giɓin ƙarshe. Tsakanin 1958 da 1964 aka ja wani reshen daga Kuru, ta Bauchi da Gombe, har zuwa Maiduguri.

Wannan ya mayar da Kafanchan mararrabar jiragen ƙasa. Duk jirgin da ya fito daga Fatakwal, ko Kaduna ya nufa ko Jos ko Maiduguri, sai ya biyo ta nan. Ma'aikata da 'yan kasuwa suka kwararo daga ko'ina cikin Najeriya, Ibo da Yarbawa da Hausawa da sauransu, suka zauna tare da mutanen Fantswam da maƙwabtansu na Bajju da Kagoro da Kaninkon. A farkon shekarun 1930 fadar Masarautar Jama'a ita ma ta dawo Kafanchan.

Da harkar jirgi ta ja baya, daga shekarun 1980 zuwa gaba, tattalin arzikin da ya dogara da ita ya bi ta. Gyare-gyaren da aka yi wa layin daga baya sun dawo da jirgi na ɗan lokaci, sannan zirga-zirgar ta sake tsayawa.

Aikin da aka ƙaddamar a 2021 ya shafi layi mai tsawon kilomita 1,443, a kan kuɗi kimanin dala biliyan 3, kuma kamfanin CCECC na ƙasar Sin ne aka ba kwangilar. Sashen Fatakwal zuwa Aba, mai tsawon kimanin kilomita 62, shi ne ya fara aiki a 2024. Daga Aba zuwa Kafanchan akwai sauran ɗaruruwan kilomita. Ko da kuɗi ya samu a kan kari, al'ummar Kagoro na da sauran jira.

Darasin layin Zariya zuwa Jos

Jihar Kaduna ta taɓa ganin yadda layin dogo ke ɓacewa ɗungurungum. Tsakanin 1912 da 1914 an gina wani siririn layi, mai faɗin ƙafa 2 da inci 6, daga Zariya zuwa Jos da Bukuru, mai tsawon kimanin kilomita 230. Ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Kudaru da Rahama da Jengre. Kafin zuwansa, 'yan dako da jakuna ne ke ɗaukar kuza daga tudun Filato.

Da reshen Kafanchan ya iso Jos a 1927, mai faɗin ƙafa 3 da inci 6 daidai da sauran layukan ƙasar, sai kaya suka koma kansa, domin ba sai an sauke an sake lodi a Zariya ba. Ƙaramin layin ya yi ta jan ƙafa har aka rufe shi a 1957. Jirgi bai sake bin wannan hanya ba. Mai son ganin abin da ya saura daga gare shi a yau, sai ya nufi harabar gidan tarihi na Jos, inda aka adana wasu kayayyakinsa.

Abin lura a nan shi ne bambancin da ke tsakanin ƙarfe da fili. Idan an sace ƙarfe, ana iya sayo wani. Amma doguwar hanya guda, wadda aka riga aka fasa duwatsu aka cike kwaruruka domin ta daidaita, idan gonaki da gidaje da shaguna suka yayyanka ta, sake haɗa ta na buƙatar biyan diyya da shari'o'i da rushe-rushe, abin da ke cin kuɗi da lokaci, yake kuma haddasa gaba tsakanin hukuma da jama'a.

Abin da wasu ƙasashe suka yi

A Amurka, bunƙasar motoci da manyan tituna ta sa kamfanonin jiragen ƙasa suka yi watsi da dubban kilomitoci na dogo. A 1967 Jihar Wisconsin ta buɗe hanyar Elroy zuwa Sparta, mai tsawon kimanin kilomita 52, a kan wani tsohon layi, wadda ake ƙirgawa cikin na farko-farkon irinta.

Matakin da ya fi muhimmanci ya zo ne a 1983, lokacin da Majalisar Dokokin Amurka ta yi wa dokar hanyoyin ƙafa ta ƙasa kwaskwarima, ta shigo da tsarin da za a iya kira ajiyar layi. A ƙarƙashinsa, layin da aka daina amfani da shi ba a ɗaukarsa a matsayin wanda aka yasar. Ana danƙa filin ga wata jiha ko ƙaramar hukuma ko ƙungiya ta riƙe shi a matsayin hanyar ƙafa da keke, bisa sharaɗin cewa duk ranar da aka buƙaci dawo da jirgi za a mayar da shi. Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar da halaccin tsarin a 1990. Hanyar Katy ta Jihar Missouri, mai tsawon kimanin kilomita 386, ta wannan tsari ta samu. A yau tsawon irin waɗannan hanyoyi a Amurka ya kai kimanin kilomita 40,000.

A Ingila, bayan rahoton Beeching na 1963 da ya kai ga rufe layuka masu yawa, wasu 'yan sa kai sun gina hanyar Bristol zuwa Bath tsakanin 1979 da 1986. Tsawonta kimanin kilomita 21 ne kacal, amma ma'aikata da ɗalibai ke bin ta kullum, ba masu yawon shaƙatawa kaɗai ba. A Sifaniya, shirin korayen hanyoyi da aka fara a 1993 ya zarce kilomita 3,000, kuma wata gidauniya ta harkar jiragen ƙasa ce ke jagorantarsa, abin da ke nuna cewa ba lalle ba ne dogo da hanyar ƙafa su zama kishiyoyi.

Akwai kuma siga ta biyu, wadda ita ce ta fi kusa da halin da Kagoro ke ciki: a bar dogo a inda yake, a shimfiɗa hanyar ƙafa a gefensa cikin filin layin, a raba su da shinge ko magudanar ruwa ko jerin itatuwa. Ana yin haka a ƙasashe da dama har a gefen layukan da jirgi ke bi yau da kullum. Tunda layin Kafanchan zuwa Jos na jiran gyara ne, batun tumɓuke ƙarafansa bai ma taso ba.

Amfanin da ya dace da Kagoro

Kuskure ne a kwaso lissafin wasu ƙasashe a jibga wa kudancin Kaduna. A New Zealand, hanyar Otago mai tsawon kimanin kilomita 150, wadda aka buɗe a 2000, ta farfaɗo da ƙauyuka da kuɗin masu yawon buɗe ido. A Kagoro, amfanin farko ba nishaɗi ba ne, buƙata ce ta yau da gobe.

Na ɗaya shi ne sufuri. Tun bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na babur ya ninka, kuma mutane da yawa sun koma takawa da ƙafa. Tazarar Kagoro da Kafanchan gajeriya ce, kuma dukkan garuruwan biyu na da cibiyoyin da ke tara jama'a: kasuwa da babban asibiti da reshen Jami'ar Jihar Kaduna a Kafanchan, sai makarantar tauhidi da kwalejin fasahar lafiya na cocin ECWA a Kagoro. Mai tafiya a ƙafa ko a keke a gefen kwalta yana gogayya ne da tireloli da motocin haya. Hanyar da babu mota a kanta tana rage wannan haɗari, musamman ga yara 'yan makaranta da tsofaffi.

Na biyu shi ne yanayin shimfiɗar kanta. Jirgin ƙasa ba ya iya hawan tudu mai tsauri, saboda haka injiniyoyi kan zaɓa masa hanya mai sauƙin hawa da gangara. A yanki mai duwatsu irin Kagoro wannan babbar gata ce. Hanyar da ta yi wa jirgi sauƙi za ta yi wa mai keke ɗauke da buhun citta, da mai tura baro, da mai keken guragu. Yankin na noma citta da masara da doya da acca, kuma bayan annobar da ta afka wa citta a 2023 ta karya jarin manoma da dama, duk nairar da aka rage a kuɗin dako tana da muhimmanci.

Na uku shi ne gadin dukiyar gwamnati. Jami'an tsaro sun sha kama motoci maƙare da ƙarafan dogo da aka yanko a jihohin tsakiyar ƙasar, kuma ɓarayin sun fi samun sarari a wuraren da daji ya rufe, inda babu mai wucewa. Hanyar da jama'a ke bi safe da yamma tana da idanu a kanta. Haka nan, iyakar da aka shata aka kafa mata alamu, jama'a kuma suka san ta, ta fi wuyar cin iyaka fiye da wadda ke cikin tsohuwar taswira a ofis.

Na huɗu shi ne yawon buɗe ido, gwargwadon hali. Bikin Afan, wanda ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairun kowace shekara, yana tara dubban baƙi. Duwatsun Kagoro na jan masu sha'awar hawa, ga ruwan Matsirga da ke zubowa daga kan dutse kusa da Kafanchan, ga kuma garin Nok a Ƙaramar Hukumar Jaba, wanda sunansa ya zagaya duniya saboda tsoffin mutum-mutumin yumɓu da aka tono. Tsoffin gine-ginen tashoshi, maimakon su zube, za su iya zama wuraren sayar da abinci da gyaran keke da baje kolin tarihin dogo. Da tsohuwar zuma ake magani.

Na biyar kuma ya shafi zamantakewa. Rikice-rikicen 1987 da 2011 sun bar tabo a Kafanchan, inda mazauna da yawa suka koma zama unguwa-unguwa bisa addini da ƙabila. Hanyar ƙafa ba za ta warkar da wannan ba ita kaɗai. Sai dai dogo na daga cikin abubuwa ƙalilan da kowace al'umma a yankin ke da tarihi a cikinsu, kuma ba na wata ƙabila ko wani addini ba ne. Aikin da zai zaunar da Masarautar Jama'a da sarakunan Kagoro da Fantswam da Moro'a a kan tabarma ɗaya, a kan batun da kowa zai amfana, yana da daraja ko da ba a auna ta da kuɗi ba.

Ƙalubalen da ba za a kauce musu ba

Tsaro ne kan gaba. Masarautar Kagoro ta fuskanci munanan hare-hare, ciki har da na watan Maris na 2022 da ya yi sanadin asarar rayuka da gidaje masu yawa. Hanyar da aka share ta miƙe cikin daji za ta iya amfanar maharan kamar yadda za ta amfani manoma. Wannan dalili ne na fara aikin daga wuraren da ke da jama'a, kamar tsakanin Kafanchan da Kagoro, a bar sassan da suka nausa daji zuwa hawan Filato sai an ga yadda al'amura suka daidaita. Shawarar jami'an tsaro da ta masu unguwanni wajibi ce tun daga zanen farko.

Sai batun babur. A karkarar Najeriya duk hanyar da aka gyara, babur ne ke fara hawanta. Idan aka bar 'yan acaɓa suka mamaye ta, amfanin kare masu tafiya a ƙafa ya tafi. Idan kuma aka kafa dokar hani ba tare da yardar jama'a ba, za ta zama dokar takarda. Turakun kankare a mashigai, waɗanda keke da baro za su wuce amma su hana mota da keken adaidaita, za su rage matsalar. Sauran kuma sai da yarjejeniya da ƙungiyoyin masu baburan.

Akwai kuma waɗanda suka riga suka yi gona ko rumfa a cikin filin layin, wasunsu shekara da shekaru. Ko a Amurka kotuna sun tilasta wa gwamnati biyan diyya ga wasu masu filaye da ke maƙwabtaka da irin waɗannan hanyoyi. Aikin da aka ce na al'umma ne, idan ya fara da rusau ba sanarwa, ya rasa goyon bayan da zai rayu da shi. Ba da wa'adi har a girbe amfanin gona, da ware wa masu rumfuna wuri a gefen sabuwar hanyar, sun fi ƙarfin katafila tasiri.

Ta fuskar gini, gadoji su ne wuraren da lissafi ke tashi. Gadar jirgi siririya ce, ba a yi ta domin masu ƙafa ba, kuma ranar da jirgi ya dawo haɗarin bin ta ba ƙarami ba ne. Kowane rafi zai buƙaci ƙaramar gadar ƙafa tasa daban. Yankin kuma na samun ruwan sama mai yawa, don haka hanyar da ba ta da kwalbatoci da magudanai, damina ɗaya za ta cinye ta. Ba dole ba ne a zuba kwalta. Jar ƙasa da tsakuwa da aka daddale sun wadatar. Abin da ba shi da makwafi shi ne kulawa: yankan ciyawa da yashe magudanai kowace shekara. Aikin gayya zai taimaka, amma sai an san hukumar da alhakin ya rataya a wuyanta, an kuma sa shi cikin kasafin kuɗi.

Wa ke da wuƙa da nama?

Filin layin dogo mallakar Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ne, wadda aka kafa bisa dokar 1955, kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta bar filayen Gwamnatin Tarayya da na hukumominta a hannunsu. Saboda haka gwamnatin jiha ko ƙaramar hukuma ba ta da ikon taɓa shi ba da izini ba. Hukumar na da kamfanin kula da kadarorinta, mai hedikwata a Kaduna, wanda aikinsa ya haɗa da ba da hayar filaye.

Sai dai ƙofar haɗin gwiwa ta ƙara buɗewa. Gyaran da aka yi wa tsarin mulki a watan Maris na 2023 ya fitar da harkar jiragen ƙasa daga jerin abubuwan da Gwamnatin Tarayya kaɗai ke da iko a kansu, ya ba jihohi damar shiga. A ɗaya ƙarshen wannan layi, gwamnatin Jihar Filato ta riga ta haɗa kai da hukumar domin farfaɗo da jirgin cikin gari a yankin Jos da Bukuru. Idan ana iya yarjejeniya a kan tafiyar da jirgi, ta hanyar ƙafa ba za ta gagara ba.

Irin wannan yarjejeniya na buƙatar sharuɗɗa bayyanannu: fili ya ci gaba da zama na hukumar, ba a taɓa ƙarfe ko ɗaya, a bar tazarar da injiniyoyin hukumar suka amince da ita tsakanin dogo da hanyar, a hana gina abu na dindindin, kuma ranar da aikin gyara ya iso, buƙatar jirgi ce a gaba. Kafin duk wannan, matakin farko, wanda kuma ya fi araha, shi ne a auna filin daga Kafanchan zuwa Manchok, a kafa duwatsun iyaka, a fitar da taswirar a fili kowa ya gani.

Babban burin mutanen Kagoro da Kafanchan shi ne su sake jin kukan jirgi, kuma hanyar ƙafa ba za ta maye gurbinsa ba wajen kai citta Fatakwal ko fasinja Maiduguri. Amma jirgin zai buƙaci ya tarar da filinsa a buɗe, ba a cinye shi da gine-gine ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙananan Hukumomin Kaura da Jama'a, da gwamnatin jiha, da Hukumar Jiragen Ƙasa, na da damar kare wannan fili tun yanzu, ta hanyar da ɗalibi da manomi za su ci moriyarsa kafin tarago na farko ya iso.